Buhun Waje Mai Kunne Biyu

Da hantsi aka aiko kiran Mai Sawu, wai an fasa siton shinkafar waje da ke bayan kasuwa. Bai yi gaggawa ba. Shekara talatin yana bin sawun ɓarayin shanu da na awaki, ya kuma san kafin ya isa kowane wuri 'yan kallo sun riga sun tattake masa aikinsa. Haka kuwa ya tarar. Rabin gari na tsaye a ƙofar siton, kowa ya ɗaure fuska irin ta jaje, amma in ka dubi idanu da kyau ba za ka samu mai baƙin ciki ko ɗaya ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Garin na manoman shinkafa ne tun kaka da kakanni. Bara hukuma ta cire harajin da ke kan shinkafar da ake shigowa da ita daga ƙetare, wai don talaka ya samu sauƙi. Sauƙin ya zo a manyan motoci, fari fat, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi, ya sauka a wannan siton. Tun daga ranar ta gida ta zama abin tayawa da dariya. Mutane sun noma, sun girbe, sun jibge a ɗaka, suna kwana suna tashi da ita ƙwari na ci.

Mai Sito siririn mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga ta ba domin bai taɓa buƙata ba. Ya ce buhu ashirin aka kwashe, kuma shi ya san da hannun wa. Tun da sassafe 'yan sanda sun tafi da Baba Mai Gadi. In har ranar kasuwa ta zagayo ba a kawo masa wani ɓarawon ba, to kotu zai kai tsohon. Kwana shida ke nan. Kowa a wurin ya san Baba ya haura saba'in, da tari a ƙirjinsa wanda ya ƙi jin magani, kuma in ya shiga gidan yari gawarsa za a fito da ita.

Mai Sawu ya sa aka matsar da jama'a, ya zagaya bayan siton inda ƙafa ba ta kai ba. Can ya sami abin da yake nema a gindin wata ƙaramar ƙofa: sawun mutum ɗaya, da takalmin roba wanda dunduniyarsa ta cinye. Shiga ɗaya, fita ɗaya. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Sawun fitar bai fi na shigar nutsewa a ƙasa ba sai da ɗan kaɗan.

“Ranka ya daɗe,” ya ce wa Mai Sito, “wanda ya fita ta nan bai ɗauki abin da ya kai nauyin ɗan akuya ba. Ina aka bi da buhu ashirin?”

Mai Sito ya ce ai shi ya sa aka kira shi, ya juya ya shiga motarsa.

A cikin siton buhuna suna jere har rufi, ba inda aka yi giɓi. Sai a can kusurwar baya, kusa da wani ɗaki da aka garƙame, ya ga wuri mai kusurwa huɗu a ƙasa wanda ƙura ba ta taɓa ba, alamar wani abu ya daɗe a ajiye an ɗauke shi. Ɓarawon ya wuce abinci iya ganinsa bai taɓa ba, ya zo nan kai tsaye. Da zai fita ma ya jawo ƙofar, ya mayar da karyayyen kwaɗon ya rataya.

Sawun ya bi ta bayan kasuwa ya gangara fadama. A nan akwai wani fili da wata bazawara ta yafa iri, ya fara tsiro. Hanyar da ta fi kusa ta tsakiyar filin take, amma mutumin nan, da kayan sata a kansa, gari na wayewa, sai ya zagaye ta kan kunya bai taka ko tsiro ɗaya ba. Daga nan ya hau kwalta, sawu ya ɓace. Mai Sawu ya tsaya bakin titi ransa a jagule. Manomi yake nema, a garin da kowa manomi ne.

* * *

Baba Mai Gadi yana zaune a kan siminti a ofishin 'yan sanda, ya rungume gwiwoyinsa. Ya rantse da asuba ya je bakin famfo ya yi alwala ya yi salla, ya dawo ya tarar da ƙofa haka. Da Mai Sawu ya tambaye shi me ke ajiye a kusurwar baya, sai tsohon ya yi tsuru-tsuru, ya ce shi aikinsa ƙofa ne, ba ya leƙa ciki. Mai Sawu bai matsa ba. Ya zauna kusa da shi ya bar tari ya gama jijjiga shi. Can tsohon ya sauke murya ya ce ɗaurin buhuna ne, sababbi fil, na wofi, masu rubutun waje da hoton jirgin ruwa, guda ɗari a ɗauri.

Me sababbin buhunan wofi ke yi a siton da shinkafarsa ke zuwa a ɗinke? Baba ya ce don Allah kada a ce daga bakinsa aka ji. Ya gwammace a ce masa ɓarawo a kan ya yi faɗa da mutumin da ke ciyar da shi.

Jama'ar gari kuwa sun riga sun yanke nasu hukuncin, kashi biyu. Wasu sun ce Direba ne, wanda ke ɗauko wa Mai Sito kaya, domin an ji su suna cacar baki makon jiya. Mai Sawu ya same shi a ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafarsa ya san ya ɓata lokacinsa: ƙafa ce kamar faranti, ga shi yana jan ta hagu tun wani hatsari da ya yi. Direba ya yi ta zage-zage daga ƙarƙashin motar, ya ce in da shi zai yi sata ai da mota zai zo, ba zai tsaya wasan yara ba.

Sauran sun ce Mai Inji ne, mai injin casar shinkafa, wanda shigowar ta waje ta kashe wa sana'a. Shi wannan takalminsa na roba ne, dunduniyar ma ta cinye, har Mai Sawu ya zaci ya dace. Amma da ya sa shi ya taka ƙasa sai ya ga takunsa gajere ne, yana watsa ƙafa waje. Mai Inji bai ji haushi ba. Ya nuna masa injin, kaji sun yi sheƙa a cikin mazurarin. Ya ce wata huɗu rabonsa da ya tayar da shi, in ban da yayan Mai Sawu, mai taurin kai, da ya kawo shinkafarsa watan jiya ya ce sai an casa masa sau biyu. Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, Mai Sawu ya wuce.

* * *

Yayan Mai Sawu shi ne shugaban manoman garin, kuma shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, shi ya raɗa wa 'ya'yansa suna. In abu ya cushe wa Mai Sawu, wurinsa yake zuwa. Ya same shi a tsakar gida kan tabarma da faifai a cinya, ya sa tabarau yana tsince shinkafa ƙwaya-ƙwaya. Ɗakin da ke bayansa cike yake da buhuna har bakin ƙofa, har ta kai shi da matarsa sun koma kwana a rumfa.

Mai Sawu ya zayyana masa komai, ya ce ko Yaya na zargin wani cikin manoma. Yaya bai ɗago ba. Ya ce in zargi ne ai kowa abin zargi ne, domin yau a garin nan babu gidan da ake dafa abinci sau uku. Ya ce sun rubuta wa hukuma takarda har sau huɗu, an ce musu ana dubawa. Ya ce ɗansa na fari ya tattara ya tafi birni yana tura baro, na biyun ma yana haɗa kaya. Sannan ya tambayi jikin Baba Mai Gadi. Da ya ji tarin ya ƙaru, sai hannunsa ya tsaya a kan faifan na ɗan lokaci.

“Ba za su kai shi kotu ba,” in ji shi. “Barazana ce kawai.”

“Za su kai shi, Yaya. Na ga takardar.”

Yaya ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da tsintarsa.

Kwana huɗu suka wuce a banza. Mai Sawu ya leƙa ƙafar mutum ya fi hamsin, har mutane suka fara ɓoye ƙafafunsu a ƙarƙashin riga in sun hango shi. Abin dariya ne, amma shi bai ga na dariya ba.

* * *

Rana ta biyar da azahar matarsa ta ajiye masa abinci tana murmushi. Ta ce yau ta samo ta waje a wurin Mai Awo da ɗan rangwame, ya ci ya ji yadda shinkafa take, ba irin ta yayansa ba da sai mutum ya yi sallama da haƙoransa kafin ya kai loma. Tsokanar da ta saba ce tsakaninta da wan mijinta. Mai Sawu ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu, ya ajiye cokali. Shinkafar da ta yi wata da watanni a cikin jirgi ba ta da wannan ƙamshin. Wannan ƙamshin sabuwa ne, na bana.

Bai gama cin abincin ba ya tafi rumfar Mai Awo. Mai Awo ta ce a kasuwar mararraba ta saya wurin wani dillali, buhu biyu, kuma tun jiya mata ke layi, kowa na cewa ba ta taɓa samun ta waje mai kyau irin wannan ba. Ɗaya ta buɗe, ɗayan yana jingine a bayanta ba a taɓa ba. Fari ne sabo, ga rubutun waje, ga jirgin ruwa. Mai Sawu ya dubi bakin buhun, sai ya dafa ginshiƙin rumfar.

Buhun waje da inji ake ɗinke shi, layi ɗaya miƙaƙƙe daga gefe zuwa gefe. Wannan kuwa da basilla aka ɗinke shi, babbar allurar nan ta buhu, kuma an bar masa kunne biyu, dama da hagu, inda mai ɗauka zai kama. Kowane manomi haka yake yi, hannu ne ke yi ba tare da ya nemi shawarar kai ba. Amma ba wannan ne ya sa Mai Sawu ya dafa ginshiƙin rumfar ba. An naɗe kowane kunne sau uku, sannan ba a yanke igiyar ba, an mayar da ragowarta an cusa a ƙarƙashin ɗinkin, yadda in an tashi buɗewa za a zare ta ɗungurungum a sake amfani da ita. Mahaifinsu ne ke wannan ɗinkin, mutumin da bai taɓa yarda a yanke igiya a gidansa ba. 'Ya'yansa biyu ya koya wa, da ranƙwashi.

Ya roƙi Mai Awo ta ba shi aron buhun zuwa gobe. Daga nan ƙafarsa ta kai shi ƙofar gidan Yaya. Ya tsaya yana jin ƙarar faifai daga ciki, ya kasa yin sallama. Sai ya juya ya tafi ofishin 'yan sanda, wataƙila yana fatan ya tarar da tsohon ya samu sauƙi, ko an fasa maganar kotu, ko wani abu dai da zai sauke masa wannan kayan. Ya tarar da Baba a kwance, ya daina ma iya zama, ƙyallen da yake toshe baki da shi duk jini. Tsohon ya tambaye shi ko an dace. Mai Sawu ya ce gobe.

* * *

Ranar kasuwa da hantsi aka taru a cikin siton. Ga Shugaban Kasuwa, ga ɗan sanda riƙe da Baba Mai Gadi, ga Mai Sito a kujera, ga Direba da Mai Inji, ga Yaya an gayyato shi a matsayin shugaban manoma. Jama'a sun cika ƙofa har sun tare haske.

Mai Sawu ya sa aka ajiye buhun a tsakiya. Ya ce ba shinkafa aka sata ba, ɗaurin buhunan wofi ne, kuma ga ɗaya daga ciki an cika shi da ta gida an sayar da sunan ta waje. Mai Sawu ya nuna wa kowa ɗinkin, sannan ya kawo tsofaffin buhuna cike da ƙaiƙayi, da basilla da igiya, ya ce a ɗinke. Direba ya soke yatsa tun a ɗinki na biyu ya jefar yana tsaki. Mai Inji ya ɗinke tsaf, da kunnuwansa, amma naɗi ɗaya ya yi ya sa haƙori ya datse igiyar.

Buhu na uku ya rage. Kowa ya zaci wani za a kira. Sai Mai Sawu ya durƙusa da kansa ya ɗauki basillar. Hannunsa ya san hanya. Naɗi uku a dama, naɗi uku a hagu, ya mayar da ragowar igiyar ya cusa. Ya jawo nasa ya jera da na Mai Awo. Ko makaho ya shafa zai ce hannu ɗaya ne.

“Mu biyu muka rage a duniya masu wannan ɗinkin,” in ji shi, idonsa a ƙasa. “Ga ɗaya a gabanku.”

Ba a buƙaci ya ƙarasa ba. Yaya ya cire tabaransa ya sa a aljihu, ya miƙe a hankali.

“Ku saki tsohon nan,” in ji shi. “Ni ne.”

Bai nemi afuwa ba. Ya ce buhu shida kawai ya cika, sauran na wofin suna ƙarƙashin katifarsa. Ya ce shinkafar nan wata shida yana kai ta kasuwa yana dawowa da ita, ba wanda ya ko buɗe ya duba. Da ya sa mata rigar wasu, kafin azahar an saye ta duka.

“Shekara arba'in ina noma,” ya ce, “ban taɓa jin an yabi shinkafata ba sai shekaranjiya. Ina tsaye a gefe wata mata tana cewa mutanen waje sun iya noma.”

Sannan ya nuna ɗakin nan da aka garƙame, ya ce tun da an zo faɗin gaskiya, a tambayi mai wurin me yake yi da sababbin buhunan wofi, da kuma inda 'yar shinkafar da yake saya a hannun manoma da arha take shiga. Ya faɗa da ƙarfi, har na waje sun ji. Mai Sawu ya ɗaga kai yana jiran hayaniya. Shugaban Kasuwa ya shiga gyaran hula. Ɗan sanda ya dubi rufi. Manoman da ke ƙofa, waɗanda Yaya ya rubuta takarda huɗu dominsu, kowa ya sunkuyar da kai. Mai Sito ne kaɗai mai saye da ya rage a garin, ko da wulaƙanci yake saye, kuma ba wanda ke son a tuna fuskarsa gobe.

Mai Sito ya taso ya zare igiyar buhun, ta fito ɗungurungum. Ya ɗebi shinkafar a tafin hannu ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya juya ta, ya shinshina. Ya daɗe yana kallo. Da ya dawo muryarsa na nan da sanyinta. Ya ce shi ba mai son tozarta dattijo ba ne, ya janye ƙara, a kai mai gadi asibiti. Sharaɗinsa biyu ne. Duk abin da ke ɗakin Yaya a kawo nan a farashin da shi zai faɗa. Sannan Yaya ya zo ya riƙe masa ɗakin bayan nan da aka garƙame, inda ake cika buhunan, domin bai taɓa ganin mai gyaran shinkafa irinsa ba, yaransa duk ƙazamin aiki suke yi.

“Akwai injin ɗinki a ciki,” ya ƙara da cewa. “Za a koya maka. Ba na son kunnuwan nan.”

Mai Sawu ya san yayansa. Ya san mutumin da ya taɓa korar dillali da fartanya don ya raina masa amfanin gona. Ya jira ya ji ya ce a kai shi gidan yari ya fi masa. Har addu'a yake a ransa ya faɗi hakan.

Yaya ya ce, “Ƙarfe nawa ake buɗewa?”

Aka watse. Direba ya ɗauki Baba Mai Gadi a mota. Kafin Mai Sito ya kai ga tasa motar, manoma uku sun tare shi suna rusunawa, suna tambaya ko ɗakin bayan na buƙatar ƙarin hannu.

Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa har Yaya ya fito. Yaya ya dafa kafaɗarsa, ba da fushi ba, abin da ya fi komai yi masa ciwo ke nan.

“Ka yi aikinka, kuma ka yi daidai,” in ji shi. “Gonar mahaifinmu ga ta nan. In kana so ka noma, in ba ka so ka nemi mai saye.”

“Yaya, damina ta kusa.”

“Na sani,” in ji Yaya. “Ni dai na gama.”